Tsargiya Da Ciwon Daji: Yadda A Ke Rufe Babi A Littafin Jiki

A ƙarshen ko wace damina, sa'ad da hanyoyi suka fara shan iska, mu kan fita rangadi mu dubo ɗalibanmu na kwalejin horon malamai waɗanda aka rarraba a makarantun firamare domin gwajin koyarwa. Mu kan fara daga Kazaure, mu bi ta duwatsun Roni mu leƙa Gwiwa, sa'an nan mu juyo gabas har Ɓaɓura kusa da iyakar Nijar. A irin wannan rangadi ne muka tarad da wani ɗalibi yana koyad da darasin kiwon lafiya a wata makaranta ta bakin tafki. Ya tambayi 'yan aji ko akwai wanda ya taɓa ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Sai aji ya kaure da dariya, hannuwan yara maza suka yi ta tashi, har aka shiga yi wa waɗanda suka noƙe ba'a, wai su ba su girma ba tukuna. Da aka tashi muka yi wa hedimasta magana, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tsargiya ce. Wane ne cikinmu bai yi ta ba? Da kanta ta ke warkewa."

Ba mu ga laifinsa ba, don kuwa mu ma da wannan zance aka rene mu, mun kuma yi kurme a kududdufai irin waɗannan. Amma ilmin likitanci ya yi nisa tun daga zamanin ƙuruciyarmu, ya gano cewa sau da yawa jinin ne kaɗai ke ɗaukewa. Abin da ya jawo jinin yana nan yana aikinsa a ɓoye, har ya kan bar tabo a wurin da ido ba ya kai wa, watau a jikin rubutun halittar mutum. Wannan tabo shi mu ke so mu bayyana wa masu karatu, musamman malaman makaranta, gama a hannunsu yaran nan su ke wuni. Maganar tana da ɗan zagaye kafin ta komo bakin tafki, sai a yi haƙuri a biyo mu sannu.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a gani sai da madubin likita, yawansu kuwa ya kai wajen tiriliyan 30. Galibin ire-iren ƙwayoyin nan suna ɗauke da wani dogon zare da a ke kira DNA, wanda in da za a warware na ƙwaya guda a miƙe shi, sai ya kai kamar mita 2. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Kambirij ta Ingila, da taimakon aikin Rosalind Franklin: igiya ce riɓi biyu, a murɗe kamar tufkar rama. A jikin zaren akwai rubutu, baƙaƙensa huɗu ne rak, A da C da G da T, amma an jera su har wajen biliyan 3. Cikin rubutun akwai babuka wajen 20,000, ko wane babi kuwa umurni ne na yadda za a ƙera wani abu guda da jiki ke bukata. Babin nan shi masana ke kira ƙwayar gado. Mu dai za mu ci gaba da kiransa babi, don kada ƙwaya da ƙwaya su rikita mu.

To, ga abin mamaki. Littafin da ke cikin ƙwayar ƙoda shi ne daidai wanda ke cikin ƙwayar ido, ba ragi ba ƙari. Me ya hana ƙoda gani, ko ido tace fitsari? Dalili shi ne ba duk babi a ke karantawa a ko ina ba. Malamai sun san wannan sarai. Manhaja ɗaya a ke ba makaranta, amma malamin aji biyu ya kan sa jan biro ya yi alama a kan babin da bai shafi ajinsa ba, in ya zo wurin ya tsallake. Bai yage shafin ba, bai kankare ko harafi ɗaya ba. Jiki ma yana da jan bironsa, watau wani ɗan ƙullin sinadari mai kabon ɗaya da haidurojin uku, sunansa metil. A kan liƙa shi a kan harafin C, galibi inda G ke biye da shi. Rollin Hotchkiss ya ga alamar C mai wannan ƙari tun 1948 cikin DNA na ɗan maraƙi, amma sai a 1975 Robin Holliday da John Pugh a Ingila, da Arthur Riggs a Amurka, suka kawo ra'ayin cewa da shi jiki ke rufe babi.

Ga yadda rufewar ke aukuwa. A goshin fiye da rabin babukan nan akwai wani fili inda C da G suka taru da yawa, wanda Adrian Bird na Edinbara ya yi bayaninsa sosai a 1986, a ke kuma kiransa tsibiri. Nan ne ƙofar babi, nan sinadaran da ke karanta umurni su ke sauka su fara aiki. A lafiyayyar ƙwaya filin nan yawanci a share ya ke. In aka cika shi da metil sai masu karatun su rasa wurin dafawa, sa'an nan wasu sinadarai masu son metil su zo su manne, su kirawo 'yan'uwansu, a ƙara matse zaren tam a kan 'yan ƙululun da ya ke naɗe a kai, kamar zaren masaƙa a kwarkwaro, har ya zama ba mai iya kai wa ga rubutun.

Abin da ya sa al'amarin ya yi nauyi shi ne alamar ba ta ƙarewa da ƙwayar da aka fara yi wa. Sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe littafinta, akwai kuma wani magatakarda a cikinta, masana na ce masa DNMT1, wanda aikinsa ke nan ya bi sabon kwafi ya mai da ko wace alama inda ya same ta a tsohon. Ba ya tambayar dalili. Mun sha ganin irinsa a kwaleji. Ɗalibi ya ari littafin shirin darasi na wanda ya riga shi, ya kwafe har da wurin da wancan ya soke bisa kuskure, na bayansa ma ya kwafa daga gare shi, a wayi gari an shekara biyar ba a koyad da babin ba, ba kuwa wanda ya san wa ya hana.

Yanzu sai mu zo ga ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara. Asalinsa ƙwaya ce da ta ƙi jin kwaɓa, ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Jiki kuwa ba a bar shi haka kawai ba, akwai babuka waɗanda aikinsu gadi ne. Wani ya tsai da ƙwaya in ta cika gaggawa, wani ya gyara kuskuren kwafi, wani ya wanke dafi, wani kuma ya umurci ƙwayar da ta lalace ta hallaka kanta. Kusan ko wane babi muna da kwafi biyu, na uwa da na uba, shi ya sa Alfred Knudson ya kawo hujja a 1971 cewa sai an bugi mai gadi sau biyu kafin ya faɗi. Da an zaci bugun nan lalle sai an ɓata rubutu ko an gutsure shi. A 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein suka ga alamun metil sun ragu cikin ƙwayoyin daji a wuraren da ya kamata su kasance. Daga baya aka ga ɗaya gefen, wanda ya fi damunmu a nan: inda ya kamata a bari a share, watau ƙofar masu gadi, nan suka taru. A 1989 masana a Jamus suka nuna haka cikin wani ciwon dajin ido na yara. Mai gadi yana nan da ransa, rubutunsa lafiya lau, an dai kulle shi a ɗaki.

Sassan fitsari da na haihuwa suna cikin waɗanda suka ba da hujjoji mafiya ƙarfi. A shekara guda, 1994, aka sami biyu daga Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Ta farko a ƙoda ce. Akwai wani babi, VHL, wanda ke hana ƙwaya yin kukan ƙarancin iska alhali iska ta wadata. In ya yi shiru sai ƙwayar ta yi ta kiran jijiyoyin jini su zo su ciyad da ita, ta yi ta ƙiba. Aka tarar cikin irin ciwon dajin ƙoda da ya fi yawa, wajen ɗaya cikin biyar metil ne ya rufe babin. Ta biyu kuwa a wata 'yar tsoka ce mai kamar goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda likitoci ke kira furostet. Can akwai babin wanke dafi, GSTP1, kuma a fiye da tara cikin goma na ciwon dajin wannan wuri a rufe a ke samunsa da metil. Ga mata ma haka ne. A cikin mahaifa babin gyaran kuskuren kwafi, MLH1, ya kan rufu ta wannan hanya, a ma'ajiyar ƙwai kuwa BRCA1. A mafitsara a kan sami p16 da RASSF1A a kulle, su ne masu tsai da ƙwaya, da kuma babin wani danko mai riƙe ƙwaya da maƙwabciyarta, wanda in ya rufu sai ƙwayar daji ta sulale ta tafi yawo cikin jiki.

Wa ke sa alamar inda ba wurinta ba? Tsufa na yi, a hankali. Hayaƙin taba na yi, taba kuwa ita ce babbar mai jawo ciwon dajin mafitsara a duniya baki ɗaya. Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne rauni mai daɗewa, wurin da ya yi shekaru yana kumbura yana warkewa yana sake kumbura. Masana a Japan sun bi diddigin wannan a tumbin mutane masu wata ƙwayar cuta mai jawo gyambon ciki, suka ga alamun metil na taruwa a fatar tumbi tun ciwon daji bai fito ba, in kuma aka kashe ƙwayar cutar alamun su kan ragu, amma ba su kan goge duka ba. To, a ƙasarmu ba abin da ke yi wa mafitsara irin wannan rauni kamar tsargiya.

Tsargiya ba zafin rana ke kawo ta ba, ba kuma alamar balaga ba ce. Tsutsa ce, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya fara gani a Alƙahira a 1851, Robert Leiper kuma ya bayyana hanyar yaɗuwarta a Masar a 1915. Mai tsargiya ya yi fitsari a tafki, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin wani ɗan dodon koɗi na ruwa, ya yi 'yan makonni yana hayayyafa, sa'an nan 'ya'yan su fito dubbai suna iyo. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da aka tashi daga makaranta yara suka nufi ruwa. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata su ke shiga cikin 'yan mintoci. Su girma cikin jini, su sauka a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, namiji rungume da tamata, su yi shekara uku zuwa biyar, wani lokaci fiye, tamatar tana zuba ɗaruruwan ƙwai kullum. Ko wane ƙwai yana da ɗan tsini a gindinsa. Waɗanda suka huda bango suka faɗa cikin fitsari su ne ke zuwa da jinin da yaro ke gani. Sauran, masu yawan gaske, su kan maƙale cikin naman mafitsara, jiki ya taru ya kewaye su da yaƙi, wurin ya yi tabo, ya yi tauri. In yaro ya zama saurayi jinin ya kan ragu, a ce ya warke, alhali ƙwan da suka maƙale suna nan.

Tun 1911 wani likita mai suna Ferguson ya lura a Alƙahira cewa ciwon dajin mafitsara da ƙwan tsargiya su kan zo tare. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon ta Faransa, ta sa wannan tsutsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Irin ciwon ma dabam ne. A Turai da Amurka wanda ya fi yawa shi ne mai tasowa daga asalin fatar cikin mafitsara, kuma galibi tsofaffi 'yan sittin da saba'in ya ke kamawa. Na tsargiya kuwa sai fatar ta gaji da rauni ta rikiɗe ta koma kamar fatar waje, daga nan ya taso, ya kan kuma kama mutum tun yana arba'in da wani abu, watau sa'o'inmu, magidanta masu ƙananan 'ya'ya. Likitoci a Kano sun ba da rahoto a 2003, na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kuma a 2007, duka biyun sun nuna fiye da rabin ciwon dajin mafitsara da suka duba wannan iri na biyu ne, irin da a Turai bai kai ɗaya cikin ashirin ba.

Ina maganar metil ta shigo? A 2004 aka buga wani bincike a kan ciwon dajin mafitsara na mutanen Masar, aka gwada masu tsargiya da marasa ita, aka ga na masu tsargiya ya fi tara metil a ƙofofin babuka. A 2013 aka duba fitsarin manyan mutane a ƙauyukan Gana inda cutar ta yi yawa, aka sami babukan RASSF1A da TIMP3 ɗauke da metil musamman ga waɗanda mafitsararsu ta lalace ƙwarai. A 2015 kuma masana a Amurka suka sa ƙwan tsutsar cikin bangon mafitsarar ɓeraye, suka ga tsarin alamun ya sauya. Kada a ɗauki maganarmu fiye da yadda muka faɗe ta. Galibin waɗanda suka yi tsargiya ba za su yi ciwon daji ba, in da haka ne da ba sauran magidanci a bakin fadama. Metil ma ba shi kaɗai ke ɓarna ba, akwai dafin da ƙwayoyin cuta ke haifarwa cikin fitsarin da ya daɗe a raunanniyar mafitsara, mai ɓata rubutun kansa. Amma ko wace shekara da yaro ya yi da ƙwan nan a jikinsa, ƙarin dama ce aka ba jan biro ya faɗa kan babin da bai kamata ba, magatakarda kuma ba ya mantuwa.

Ba kuwa za mu zagi ruwa ba. A zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, sa'ad da ƙasashen nan namu ke cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, aka shiga gina madatsun ruwa gadan-gadan, har da babbar ta Tiga da aka gama a 1974. Duk wanda ya ga tumatir da albasa da alkama na noman rani ya san alherin da suka kawo. Sai dai kududdufin damina ya kan ƙafe da kaka, ruwan dam da na magudanan ban-ruwa kuwa yana nan rani da damina, dodon koɗi ya sami gida na dindindin, manomi da masunci da mai wanki kuma a cikin ruwan su ke neman abinci.

Mai karatu zai ce, tun da alama ce kawai, ba a iya goge ta? Ana iya wa, da sauƙi ma, in a kwalbar ɗakin bincike ne. Akwai wani magani, azasitidin, da aka haɗa a ƙasar Cekoslobakiya ta wancan zamani a 1964. A 1980 Peter Jones da Shirley Taylor suka gano yana kama hannun magatakardan nan ya hana shi kwafe alama. Amurka ta yarda da shi a 2004 domin wata cutar ɓargo da jini, inda ya yi amfani. Amma ga ciwon dajin mafitsara da ƙoda da furostet bai yi abin a zo a gani ba shi kaɗai, ga shi kuma ba ya zaɓe, ya kan goge har alamun da jiki ya sa da gangan. Inda ilmin ya fi alkawari shi ne wajen gano cuta da wuri, sabo da ƙwayoyin mafitsara na zubowa cikin fitsari da alamunsu a jiki, an kuwa riga an ƙera gwaje-gwaje irin wannan a Turai da Amurka. Aiki ne na manyan ɗakunan bincike, mai tsada. Mu ƙara da gargaɗi guda: in mai tallar magani da lasifika a kasuwa ya ce yana da jiƙon da ke wanke wannan tabo, a bar shi da kayansa.

'Yan mata ba su tsira ba don ba su ɗaga hannu a aji ba. Su ma suna wanki da ɗiban ruwa, ƙwan tsutsar kuma ya kan maƙale a al'aura da bakin mahaifa ya yi gyambo, a yi ta zargin wata cuta dabam. Ciwon dajin bakin mahaifa kuwa nasa sanadin wata ƙwayar cuta ce, HPV, wadda Harald zur Hausen ya sami lambar Nobel a 2008 sabo da gano aikinta. Iri biyu daga cikinta, 16 da 18, su ke jawo wajen kashi 70 cikin 100 na cutar. Ita ma, bayan ta ɗaure masu gadi biyu da hannunta, ta kan zuga magatakarda ya ƙara zuba metil, har yawan metil a wasu babuka ya zama ma'aunin da likitoci ke gane ko rauni ya kusa rikiɗa. Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2020 mata wajen 12,000 suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, wajen 8,000 suka rasu. A watan Oktoba 2023 aka fara allurar rigakafin HPV kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Shekarun nan na 'yan firamare ne da ƙaramar sakandare, watau maganar ta sake komowa hannun malamai.

Tsargiya ma haka. Maganinta, firazikwantel, ya fito tun cikin shekarun 1970, ƙwaya ce da a ke haɗiya rana ɗaya, a kan auna tsayin yaro da sanda mai zane a san adadin da za a ba shi, malamai ne kuma su ka saba raba shi a makarantu. Masar ta gwada ta gani. Da ta dage wajen yaƙar cutar, irin ciwon dajin nan mai bin tsargiya ya sauko daga wajen kashi uku cikin huɗu na ciwon dajin mafitsara a babban asibitin dajinsu na Alƙahira a 1980, zuwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu a 2005. Sai dai maganin tsutsar da ke jiki ya ke kashewa, ba ya hana sabuwa shiga, don haka ba a yinsa sau ɗaya a naɗe hannu. Mun kuma ga inda aka ba yara shi da yunwa, suka yi jiri da amai, iyaye suka tsorata suka hana 'ya'yansu zuwa ranar rabo ta gaba. Abin da ya kamata shi ne a sanad da iyaye tun jiya, yaro ya karya kumallo sosai kafin ya haɗiya.

Ga 'yan'uwanmu malamai da suka haye arba'in, waɗanda suka yi kurme irin namu, jini a fitsarin babba ba na ƙuruciya ba ne, ko da sau ɗaya ya fito, ko da ba zafi. A tafi babban asibiti a nemi hoton mafitsara, in likita ya ce a wuce Kano a wuce, kada a tsaya sai bayan girbi. Ɗalibanmu kuwa da za su fita gwajin koyarwa bana, mun ɗora musu aiki uku. Ko wanne zai zana taswirar ruwan da yaran makarantarsa ke shiga, ya tambayi hedimasta yaushe aka yi rabon magani na ƙarshe, ya kuma dubo ko makewayin makarantar na aiki, gama in ba ya aiki bakin tafki yara za su nufa. Za mu karɓi taswirorin a rangadin watan Nuwamba, mu miƙa wa ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomin huɗu.